Wata Uku Cikin Jami'o'in Birtaniya: Nazarin Fitar Bisharar C. T. Studd

Duk wanda ya taɓa zama cikin zumuntar ɗalibai Kirista a babbar makaranta ya san daren da 'yan fitar bishara suke dawowa. Murya ta dushe, rana ta ƙona fuska, amma ido sai ƙyalli yake yi. Ɗaya bayan ɗaya suna miƙewa ba da shaida, kuma kusan kowa da magana ɗaya yake rufewa: na je domin in taimaki wasu, ashe ni Ubangiji yake so ya taɓa. Ban taɓa ɗaukar wannan magana a kan ƙarya ba. Abin da yake damuna shi ne, a daren ba mai iya sanin mene ne ainihin abin da ya sāke a cikin mutumin, balle a san ko zai kai baɗi. Sai an ga shekara goma, an ga ashirin. Shi ya sa na ɗauko lamarin da ya riga ya ƙare, wanda aka san farkonsa aka kuma san ƙarshensa har bakin kabari: yawon bisharar da wani saurayi Bature mai suna Charles Thomas Studd ya yi cikin jami'o'in Ingila da Sikotland daga Nuwamba 1884 zuwa farkon Fabrairu 1885.

Wanda ya fita

An haifi Studd a Disamba 1860 a gidan masu hali. Mahaifinsa, Edward Studd, ya tara dukiyarsa a Indiya da noman baba, ganyen nan da ake yin shuni da shi, wanda kowane marini ya sani. Da ya koma Ingila sai ya shiga kiwon dawakin sukuwa, har dokinsa ya ci babbar gasar Grand National a 1866. Wata rana aboki ya ja shi taron wa'azin D. L. Moody, mai bisharar nan Ba'amurke, a Landan. Ya tuba, ya rabu da sukuwa, ya mai da babban zauren gidansa wurin wa'azi. Shekara biyu kawai ya ƙara a duniya. 'Ya'yansa uku, Kynaston da George da Charles, suna makarantar Eton a lokacin, kuma dukansu sun ba da gaskiya a rana ɗaya ta bakin wani mai wa'azi da ya sauka a gidansu, ba tare da wani ya san ɗan'uwansa ma ya yi ba.

Charles da bakinsa ya ce shekara shida da suka biyo baya cikin ja da baya ya yi su. Ba wai ya faɗa shaye-shaye ko neman mata ba ne. Yana zuwa sujada, yana da ladabi, ba mai kuka da shi. Amma bai taɓa buɗe baki ya gaya wa kowa abin da ya gaskata ba, zuciyar kuma wasan kurket ya cinye ta. Mu a nan kurket ba ya gabanmu, don haka sai mai karatu ya auna da ƙwallon ƙafa: yadda yaro a Jos ko Kaduna yake haddace sunan ɗan wasan ƙasa, haka yaran Ingila suka haddace sunan Studd. A 1882 yana cikin 'yan wasan Ingila ranar da Ostareliya ta doke su a Landan, wasan da har gobe ake maganarsa. A 1883 shi ne kyaftin na jami'ar Kambirij, kuma 'yan'uwan nan uku sun riƙe wannan muƙami bi da bi, shekara uku a jere.

Ciwon George ne ya girgiza shi. George ya kwanta har aka fid da rai, Charles yana zaune a bakin gadonsa yana tambayar kansa me suna da tafi za su yi wa mutumin da ke bakin mutuwa. George ya tashi. Charles ya nufi taron Moody, wanda ya sake dawowa Landan a lokacin, ya komo ga bangaskiyarsa, ya fara jan abokan wasansa zuwa taron. Daga baya ya ce ya ɗanɗani kusan kowane daɗi da duniya take bayarwa, amma ba wanda ya kai daɗin ranar da mutum na farko ya ba da gaskiya ta hannunsa.

A farkon Nuwamba 1884 wani abokinsa, Stanley Smith, wanda ya yi suna a tseren kwale-kwale na Kambirij, ya kai shi hedkwatar China Inland Mission, ƙungiyar da Hudson Taylor ya kafa a 1865 domin kai bishara cikin ƙasar Sin. Ƙa'idodinta masu tsauri ne: ba albashin da aka yi wa kowa alkawari, ba a roƙon kuɗi a bainar jama'a, ɗan mishan kuma sai ya sa tufafin Sinawa ya yi kitso irin na mazansu. Studd ya miƙa kansa. Gida ya rikice. Mahaifiyarsa gwauruwa tana kuka, wansa Kynaston, wanda shi ma mai himmar bishara ne, ya ce masa yana karya zuciyar tsohuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu; duk wanda ya taɓa ganin ɗalibin likitanci ya gaya wa iyayensa cewa filin bishara zai tafi ya san irin zaman da ake yi a tsakar gida a wannan dare. Studd ya ce ayar Zabura 2:8, inda ake alkawarin ba da al'ummai gādo ga mai roƙo, ita ta hana shi barci har ya tsai da shawara. A hankali mahaifiyar ta sauko.

Tafiyar kanta

Ba a shirya yawon jami'o'in tun farko ba. Tarukan ban kwana aka fara yi a Okusfod da Kambirij, irin waɗanda kowace ƙungiyar mishan take yi kafin ma'aikatanta su shiga jirgi. Sai wani lauya mai wa'azi daga Libaful, Reginald Radcliffe, ya ga yadda samari suke kasa kunne, ya roƙi Taylor ya ba shi aron Studd da Smith ya kai su Sikotland. A Disamba 1884 suka isa Edinbara.

Jami'ar Edinbara a lokacin ta shahara da makarantar likitanci, ɗalibanta kuma sun shahara da rashin kunya ga masu wa'azi. Zamanin ne da muhawarar kimiyya da addini take kan ganiyarta, yaro mai koyon fiɗa yana ganin mai addini a matsayin rago ko mai ƙaramin tunani. 'Yan zumuntar da suka shirya taron su kansu suna fargabar abu biyu: ko kowa ya ƙi zuwa, ko a zo a watsa taron da ihu. Baƙin ma tsoro ya cika su. Studd ya ba da labari daga baya cewa ba su taɓa yin irin wannan aiki ba, don haka wani lokaci a kan shimfiɗar gaban murhu suke kwana, su yi addu'a, barci ya sace su, su farka su ci gaba. Wannan bayani nasa ya fi mini duk sauran daraja. Mutumin da ya saba tsayawa gaban dubban 'yan kallo ba tare da gabansa ya faɗi ba, ga shi yana rawar jiki saboda zai yi magana ta 'yan mintoci. A filin kurket ya san abin da hannunsa zai iya. A nan ba shi da abin dogara, shi ya sa ya durƙusa.

Ɗakin ya cika. Smith mai baki ne, magana tana zubo masa kamar ruwa. Studd kuwa ba shi da wannan baiwa ko kaɗan: yana cijewa, yana neman kalma, labarinsa kawai yake bayarwa, daga gidan mahaifinsa zuwa gadon ciwon George zuwa ranar da ya ce zai tafi. Waɗanda suka halarta sun ce wannan rashin gwanintar ce ta fi kama ɗaliban, domin ba mai iya cewa dabarar baki ce ake yi masa. Da aka tashi taro ɗalibai suka raka su har tashar jirgin ƙasa a daren. Aka matsa sai sun dawo, aka ɗaga ranar tafiyarsu Sin, suka koma Edinbara a Janairu 1885. A wannan karo taron ya ninka, da rana kuma ɗalibai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya domin ganawa ta keɓe, kowa da tambayarsa da nauyin da ke zuciyarsa. Bayan tafiyarsu Henry Drummond, malamin kimiyya kuma mai wa'azi, ya ɗauki tarukan daren Lahadi ya riƙe su kusan shekara goma, ɗaliban Edinbara su ma suka fara fita ƙungiya-ƙungiya zuwa sauran jami'o'in Sikotland da garuruwa a lokacin hutu.

Tsakanin waɗannan taruka sun ratsa garuruwa da dama na Ingila. Guda ɗaya ne zan tsaya a kansa.

Fitilar asuba a Lesta

A Lesta akwai wani fasto mai suna F. B. Meyer, wanda ya girmi Studd da shekara goma sha uku, yana da babbar majami'a, ana kuma ganinsa a matsayin wanda ya yi nasara a hidima. Da sanyin asuba ya hangi haske a ɗakin da baƙin suka sauka, ya shiga ya tarar da Studd sanye da tsohuwar rigar wasansa saboda sanyi, ya duƙa kan Littafi Mai Tsarki da kyandir, tun dare bai gama wayewa ba. Ya tambaye shi me yake yi tun da wuri haka. Studd ya ce Yesu ya faɗa cewa wanda yake ƙaunarsa zai kiyaye umarnansa, don haka yana bin umarnan ɗaya-ɗaya yana duba waɗanda ya kiyaye da waɗanda bai kiyaye ba. Meyer ya tambayi yadda shi ma zai sami abin da yake gani a wurinsu. Saurayin ya tambayi dattijon ko ya taɓa miƙa kansa ga Almasihu gaba ɗaya. Meyer ya ce ya yi, a dunƙule. Aka ce masa a dunƙule bai isa ba, sai ya bi abu-abu.

Meyer ya yi ta ba da wannan labari har tsufansa. Ya ce a daren ya durƙusa, ya ga kamar yana miƙa wa Ubangiji tarin makullan rayuwarsa, amma ya ɓoye ƙaramin makulli guda na wani ɗan ɗaki da ba ya so a buɗe. Ya gane cewa in bai ba da wannan ba, kamar bai ba da komai ba ne. Daga ƙarshe ya ce shi dai ba zai iya miƙawa ba, amma ya yarda a karɓa. Ya ɗauki wannan dare a matsayin mararrabar hidimarsa.

Ana yawan kawo labarin domin a nuna abin da ya sami Meyer. Ni abin da ya sami Studd nake dubawa. Shekara guda kafin wannan asuba, wannan yaron bai iya gaya wa abokin wasansa komai game da bangaskiyarsa ba. Yanzu ga shi yana tashi cikin sanyin hunturun Ingila ba wanda ya tashe shi, ba kuma domin ya shirya wa'azin yamma ba, sai domin ya auna kansa. Tafiyar ce ta jawo haka, ta hanya mai sauƙin ganewa: wanda yake zuba wa mutane kowace rana, tulunsa yana ƙarewa da wuri, in bai koma rijiya ba kowa zai ji ƙarar wofi. Ɗalibin likitanci da ya zauna gabanka da tambaya ba ya ƙoshi da labarin kurket. Dole ka san inda aka rubuta abin da kake faɗa. Ga kuma Smith a gefensa dare da rana, wanda ya riga shi nisa a karatun Littafi, suna addu'a tare, kowa yana ganin lokacin da ɗan'uwansa ya yi sanyi. A zaman makaranta na yau da kullum da wuya mutum ya sami waɗannan a haɗe. Fitar bishara takan tara su cikin 'yan makonni, shi ya sa mutum yake jin kamar ya yi girman shekara biyar a wata ɗaya. Kuma a wani fanni ya yi ɗin.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. A duk waɗannan taruka Studd yana ba da shaidar sadaukarwar da bai riga ya yi ba. Bai taɓa ganin ƙasar Sin ba. Gādonsa bai shigo hannunsa ba tukuna. Wasa kawai ya bari, sauran duk alkawari ne. Kowane dare da ya tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai ya ce ya bar kome saboda Almasihu, bashi yake ci, shaidu kuma suna ƙaruwa. Wannan yana iya zama alheri, domin mutumin da ya furta abu gaban jama'a ba ya saurin janyewa. Yana iya zama tarko kuma, domin tafin da ake yi masa na aikin da bai yi ba ne, mutanen ma da yawa sunansa ne ya kawo su ba saƙonsa ba. A ranar 4 ga Fabrairu 1885 aka yi babban taron ban kwana a Exeter Hall da ke Landan, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya amma ɗakin ya cika maƙil. Su bakwai ne a lokacin: Studd, Smith, Montagu Beauchamp, William Cassels, Dixon Hoste, da 'yan'uwa biyu Cecil da Arthur Polhill-Turner. Aka yi musu laƙabi da Bakwai na Kambirij. Washegari suka tashi, ranar 18 ga Maris suka sauka Shanghai.

A kan kogin Han

Jarrabawar farko ba tsanani ba ce, ba ciwo ba ce. Nahawu ne. Aka tura Studd da 'yan'uwan Polhill-Turner zuwa Hanzhong, tafiyar watanni cikin jirgin ruwa a kan kogin Han, aka ba su littattafan koyon Sinanci su yi ta fama a hanya. Harshen ya yi musu tauri. Mutanen da 'yan makonni kaɗan da suka wuce suke ganin ɗaruruwa suna tuba a dare ɗaya, yanzu ga su suna maimaita sauti ɗaya kamar 'yan aji ɗaya, matuƙan jirgi suna musu dariya. Sai suka yanke shawarar ajiye littattafan. Suka dogara ga Markus 16:17 da labarin ranar Fentikos, suka shiga azumi da addu'a Allah ya ba su Sinanci kai tsaye. Bai ba su ba. Bayan wani lokaci suka gane kuskurensu, suka koma kan littafi, daga baya kuma dukansu suka iya harshen ta hanyar da kowa yake iya shi.

Amsar Hudson Taylor ga irin wannan tunani ta cancanci a riƙe ta. Ya gaya wa sababbin ma'aikata cewa ko da yana da ikon zuba musu Sinanci a ka da ɗaga hannu sau ɗaya, ba zai yi ba. Dalilinsa shi ne, watannin da baƙo yake yi yana zaune gaban malami ɗan ƙasa, bakinsa a rufe, kunnensa a buɗe, su ne suke koya masa yadda mutanen suke tunani da abin da suke jin kunyarsa da abin da suke girmamawa. Wanda ya sami harshe ba tare da wannan zama ba, ɓarnar da zai yi da bakinsa ta fi gyaransa yawa.

A ganina wannan kuskure ɗan halak ne na yawon jami'o'in. Wata uku sun koya musu cewa in aka kwana ana addu'a, gobe ɗaki zai cika kuma zukata za su narke. Gaskiya ne, sun gani da idonsu. Abin da watannin ba su koya musu ba shi ne akwai aikin Allah da ba ya zuwa da dare ɗaya. Wutar kara tana da haske, tana da zafi, amma ba a dafa ganda da ita. Na sha ganin ƙanin wannan a wurinmu: ɗalibai su shiga ƙauye kwana huɗu, su yi wa'azi ta bakin tafinta, ba wanda ya koyi ko gaisuwar garin, su ƙirga hannayen da aka ɗaga su koma makaranta, a bar mai bisharar ƙauyen da ya shekara goma sha biyar a wurin yana gyara abin da aka taka.

Bashin da ya biya, da wanda ya rage

Adalci ne a ce Studd ya biya bashin da ya ci a gaban ɗalibai, har da ƙari. Gādon mahaifinsa ya kai kimanin fam 29,000, dukiya mai yawan gaske a wancan zamani. A Janairu 1887, yana birnin Chongqing, ya sa hannu ya rabar da shi: fam 5,000 ga Moody, 5,000 ga George Müller mai gidajen marayu a Bristol, 5,000 ga aikin taimakon matalauta a unguwar Whitechapel ta Landan, 5,000 ga aikin Salvation Army a Indiya, sauran kuma ga wasu ayyuka. Abin da ya rage ya ba amaryarsa Priscilla Stewart, 'yar mishan daga Ailan, ita ma ta ce a bayar. Ya yi kusan shekara goma a Sin har ciwon asma ya kore shi a 1894. Ya zaga jami'o'in Amurka yana wa'azi, ya yi hidimar fasto a kudancin Indiya daga 1900 zuwa 1906.

A nan labarinsa ya gogi namu. Bayan dawowarsa daga Indiya ya ga wata sanarwa a Libaful mai cewa masu cin naman mutane suna neman 'yan mishan. Kalaman cin fuska ne ga mutanen Afirka, ba sai an ɓoye ba, haka Turawan zamanin da yawa suke tallar aikinsu. Ya shiga taron da aka sanar, ya tarar Karl Kumm ne yake magana, mutumin da ya kafa Sudan United Mission, wadda ma'aikatanta na farko suka sauka Wase a 1904. Daga aikin wannan mishan ne makarantun Gindiri suka fito, inda zumuntar ɗalibai ta FCS ta samo tushe a 1957. Jawabin Kumm ne ya juya hankalin Studd zuwa Afirka. Likitoci suka hana shi, masu ba da kuɗi suka janye, ya tafi duk da haka: Sudan a ƙarshen 1910, sannan Kwango a 1913, yana da shekara hamsin da biyu, inda ya kafa aikin da ya zama ƙungiyar mishan ta WEC.

Amma mutumin da ya isa Kwango yana ɗauke da wani abu da ba a taɓa gyarawa ba. Tambayar nan da ya yi wa Meyer cikin tawali'u, ko ka ba da duka, ta zama sanda a hannunsa. Yana aiki kusan sa'a goma sha takwas a rana, yana kuma ganin duk wanda bai yi haka ba bai miƙa kai ba. Ya sallami ma'aikata saboda saɓanin da za a iya zama a sasanta. Ya yi wa sababbin masu bi na Kwango hukunci mai tsanani. Har surukinsa Alfred Buxton, wanda ya raka shi shiga ƙasar tun farko yana saurayi, sai da suka rabu. Matarsa tana Landan tana riƙe da ofishin mishan da rashin lafiyarta; daga 1916 har rasuwarta a 1929, mako biyu kacal suka yi tare, lokacin da ta kai masa ziyara. A shekarunsa na ƙarshe yana shan allurar mofin saboda ciwo domin ya iya ci gaba da aiki, wannan da wasu rubuce-rubucensa masu zafi suka raba kan magoya bayansa a gida. Ya rasu a Ibambi a Yuli 1931 ƙungiyar tana gab da wargajewa, sai wani surukin nasa, Norman Grubb, ya tattara ta.

Hausawa suna cewa hali zanen dutse ne. Mai bangaskiya ba zai karɓi karin maganar gaba ɗayanta ba, tun da ya gaskata Ruhu Mai Tsarki yana sāke mutum. Amma lamarin Studd ya nuna cewa akwai sashen hali da taro ba ya kai wa gare shi. Yawon jami'o'in ya ba shi ƙarfin zuciya, ya ba shi addu'a, ya ba shi ƙaunar Littafi, ya cire masa son kuɗi da son suna har saiwa. Bai koya masa zama ƙarƙashin wani ba, bai koya masa haƙuri da mai rauni ba, domin a cikin watannin nan uku ba a taɓa neman waɗannan a wurinsa ba. Shi ne baƙon da ake jira, yau yana wannan gari gobe yana wancan, ba ya daɗewa a wuri har wani ya gaji da shi ko shi ya gaji da wani. Smith ma, mai bakin nan, ya rabu da China Inland Mission a farkon ƙarni na ashirin saboda saɓanin koyarwa a kan makomar waɗanda ba su ba da gaskiya ba, ko da yake ya ci gaba da aiki a Sin har mutuwarsa a 1931.

Cikin bakwai ɗin akwai wanda ba domin shi ɗalibai suke cika ɗaki ba. Dixon Hoste hafsan soja ne na rundunar igwa, bai ma yi karatu a Kambirij ba, mai jin kunya ne, muryarsa siririya, wa'azinsa ba ya tada tsikar jiki. Da suka isa Sin aka tura shi lardin Shanxi, inda ya fara zama ƙarƙashin Smith, tsaransa kuma abokin tafiyarsa, abin da ya yi masa nauyi amma ya haɗiye. Bayan haka ya yi kusan shekara goma yana aiki ƙarƙashin wani fasto Basine, Hsi, tsohon malami masani wanda ya taɓa zama bawan tabar ofiyom kafin ya tuba ya buɗe gidajen raba mutane da ita. Hsi mutum ne mai zafin rai da son a bi nasa. A zamanin da Bature yake ganin shi aka haifa domin shugabanci, Hoste ya zaɓi ya zama mataimaki, yana cin abincin Hsi, yana bin tsarinsa, yana ba shi shawara a keɓe ba a gaban mutane ba. Abokan aikinsa Turawa da dama sun ga kamar ya zubar da girma.

Da ƙarfin Hudson Taylor ya ƙare a 1900, shekarar da 'yan tawayen Boxer suka kashe ma'aikatan mishan ɗin 58 da 'ya'yansu 21, sai Taylor ya damƙa wa Hoste riƙon ƙungiyar, a 1902 kuma Hoste ya zama babban darakta. Ya riƙe ta har 1935. Waɗanda suka zauna da shi sun ce yakan yi sa'o'i kowace safiya yana kai da kawowa a ɗaki, yana kiran sunayen ma'aikata da na 'ya'yansu ɗaya-ɗaya cikin addu'a. Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi a Sin, Japanawa suka tsare shi a sansani yana tsoho mai shekara fiye da tamanin. Ya rasu a Landan a 1946, shi ne na ƙarshe cikin bakwai ɗin.